Ranar da Inna Ta Faɗi Sunana

Shekaru fiye da hamsin ban buɗe baki a kan wannan magana ba. Jiya wani bawan Allah ya rubuta a ƙasan hotona: "Ba kai ne ka taɓa hauka a Kurfi ba?"

E, ni ne. Gyara zama ka karanta, in karatun bai fi ƙarfinka ba.

Ina ɗan shekara sha biyar, a makarantar kwana a Dutsin-Ma, cikin shekarun sittin, tun ba a yi dam ɗin Zobe ba. Abin ya faro a hankali. Ina alwala sai na ga hannuwan kamar na wani ne aka ba ni aro. Bayan 'yan makonni na fara jin wata murya tana ba da labarina: ga shi ya tashi, ga shi ya ɗauki biro. Daga nan na daina amsa kiran suna a aji. Na tabbata Lawal wani yaro ne daban, ni riƙe masa wuri kawai nake.

Aka mai da ni gida. Mahaifina ya rasu, gida yana hannun ƙanensa, Baffa Ilu, mutumin da bai taɓa rasa amsar kowace tambaya ba. Na ce masa, "Baffa, ba ni ba ne."

Ya juya wajen jama'a ya ce, "Kun ji da bakinshi. Iskoki sun musanya muna yaro."

Wannan ne karo na farko da Baffa ya yarda da maganata, kuma na ƙarshe.

Wata uku na yi a turu, gidan wani mai magani wajen Kutawa. Hayaƙin barkono da safe, bulala da la'asar. Wai ba ni ake duka ba, baƙon da ke jikina ake duka. Tabon dai a bayana ya zauna, baƙon bai tafi da ko ɗaya ba. Yara suna leƙe ta katanga, manya suna kawo su. Wasu daga cikin yaran nan yau alhazai ne, muna gaisawa a masallaci.

Wani ma'aikacin ɗakin shan magani, Kirista ɗan kudu, shi ya ga gyambon ƙafata ya ce a kai ni asibiti Kaduna. Baffa ya ce ba da kuɗinsa ba. Inna, mahaifiyata, ta sayar da tumakinta.

A asibiti aka auna jini, aka yi ta tambayata ranar mece ce yau, wa ya kawo ni. Allura, sannan ƙwaya safe da yamma. Bakina ya bushe, wuyana ya ƙage, na yi ta barci kamar wanda aka biya. Likita ya ce sunan ciwon sikizofiriniya, kuma ya fi kama matasa. Bayan wata biyu muryar ta yi nisa. Da za a sallame ni ya ce wa Inna, "Magani rabi ne. Ku riƙa kiran sunansa, ku riƙa yi masa magana."

Bai san abin da ya roƙa ba. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kallona ido da ido. In za ta ba ni tuwo sai ta ce, "A miƙa wa wancan."

Muka dawo Kurfi ina tafiya a sandare, in an kira ni sai in yi shiru. Baffa ya tara dangi a tsakar gida ya ce maganin Turawa ya gaza, gobe za a mai da ni turu. Ya gwada a gabansu: "Lawal! Kai Lawal!" Ina jinsa. Tsoro ya hana ni amsa sunan da ban tabbata nawa ba ne.

Sai Inna ta aje muciya. Ta zo ta durƙusa gabana, ta kama fuskata da hannu biyu.

"Lawal," ta ce. "Ni na haife ka. Ba wanda ya musanya mani kai."

Wata gwaggo ta yi salati. "Mi za mu gani! Ɗan farin naki?"

Na ce, "Na'am, Inna."

Ba a mai da ni ba. Matan unguwa sun yi shekara suna ce mata marar kunya. A dukan da aka yi mani ba su ga abin kunya ba, a kiran suna suka gani.

Na koma makaranta bayan shekara biyu, na zama malami, na yi ritaya. Ciwon ya dawo sau biyu, duka lokacin da na yi wayon daina shan magani. Har yau ina sha.

In ɗanku ya fara cewa jikinsa ba nasa ba ne, ko yana jin muryoyi, ko ya janye daga mutane, ku kai shi asibiti da wuri. Ku yi addu'a, amma ku kai shi. Kada ku ɗaure shi. Kada ku taya shi gaskata abin da ciwon ke gaya masa, kada kuma ku yi masa dariya. In ya samu sauƙi, kada wani masani na zaure ya ce a bar maganin.

Na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikacin nan da likitan, waɗanda ban ma riƙe sunayensu ba. Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna makomarta.

Baffa kuwa na yafe masa a bakin kabarinsa, saboda mutane suna kallo. Sauran yana wurin Allah.