Iyakar da Aka Ja wa Ceroki

A shekarun da nake aikin rabon abinci a Arfa, akwai hajjin da aka tura ni tantin matan da suka zo daga Amurka. Bayan azahar zafi ya tsananta, wata tsohuwa ta kasa miƙewa saboda kumburin ƙafa. Na kawo ruwan sanyi a roba, na zauna ina matsa mata. Larabcinta na littafi ne, tana fitar da kalma ɗaya-ɗaya, amma mun fahimci juna.

Ta tambaye ni garinmu. Na ce a unguwar Ka'akiyya ta Makka aka haife ni, amma kakana daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa, yana yada zango a Cadi da Sudan. Sai ta ce mutanen kakarta ma sun yi doguwar tafiya a ƙafa, sai dai su korarsu aka yi. Ceroki ake ce musu, suna cikin waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Ita kuwa tarihi ta koyar har ta yi ritaya.

Ta ce da Amurka ta rabu da Ingila, sabuwar gwamnati ta zauna da dattawansu kamar ƙasa da ƙasa, aka ja iyaka, aka rubuta cewa baƙo ba zai tsallaka ba. Amma gwamnatin ba ta da ƙarfin hana kowa, masu neman gona suka yi ta kwarara. Daga baya aka yi sabon tsarin mulki wanda ya mayar da hulɗa da ƙabilu hannun gwamnatin tarayya. Aka sake zama, aka sake rubutu, sai ga iyakar ta matso cikin ƙasarsu, an bar wa masu tsallakawa abin da suka riga suka mamaye.

Na ce, “To Hajiya, ina amfanin takardar?”

“Da ita jikokinsu suke zuwa kotu har yau,” in ji ta. “Wani lokaci ma su yi nasara.”

Babana ne ya faɗo mini a rai, da iƙamarsa, takardar izinin zama, da yake naɗewa cikin leda kamar laya. Ya tsufa a Makka, amma duk lokacin sabuntawa sai ya rame.

Da rana ta faɗi aka tura ta a keken marasa lafiya zuwa motar Muzdalifa. Ban ƙara ganinta ba.

Bayan salla na ba Baba labarin yana shan shayi a ƙofar ɗaki. Ya saurara har ƙarshe, bai ce komai kan iyaka ko kotu ba. Abin da ya tambaya shi ne ko har yanzu suna magana da harshensu. Na ce ban tambaye ta ba. Ya ajiye kofin, ya kira 'yata da Hausa ta zo ta ɗauka. Ta amsa masa da Larabci daga kicin.