Almakashin da na sa wa bikin Inna

Ƙarfe uku da kwata na wata ranar Alhamis na ɗauki almakashi, daga nan komai ya fara lalacewa. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, yarinya mai shiru da ba ta iya haɗa ido ko da mai tumatir, amma littattafanta a jere suke bisa tsawo. Shi ya sa ni Inna ta miƙa wa gwangwanaye uku na tsohon fim ɗin bikinta, wanda wani abokin kakana ya ɗauka a garin Doka. Ta ji labarin mai shago a kasuwa da ke haska irinsa da majigi a jikin farin ƙyalle, ya sake ɗauka da kyamara, ya juye a faifan sidi. Idonta ya fara hazo. Ta ce ba abin da take so sai ta ƙara ganin mahaifiyarta, kakarmu da muke kira Haboba, wadda ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Kafin in kai, na ce bari in duba. Na zauna a inuwar rakuba, rumfar tsakar gidanmu, na ɗaga zaren fim ɗin wajen rana, ina jansa a hankali tsakanin yatsuna. Mutane ne ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Motocin lori da buhunan dawa, maza cikin fararen jallabiyoyi, sai kuma mata: kai ba ɗankwali, kitso har kafaɗa, hannuwa sama, suna rawa a zagaye. Na shagala da su har na ji kamar guɗarsu na zuwa daga bayan katanga. Sai na tuna shagon, maza zaune suna shan gahawa. Zamanin ne kuwa da ake tsare mace a titi don mayafinta ya zame. Na yanke duk inda mace ta fito, tsaf, na liƙe sauran da salatif. Guntayen na zuba a gwangwanin halawa, na ɓoye saman bangon sito, gab da kwanon rufi.

Ranar da faifan ya zo, Inna ta matso har hancinta na kusan taɓa talabijin. Lori, maza, ango, ragon yanka, shi ke nan. Ta ce a sake. Sau uku aka sake. Daga baya ta ce ƙila mai ɗaukar bai shiga wajen mata ba, ƙila tsufa ne ke mata wasa da hankali. Na tashi na nufi sito. Da na sauko da gwangwanin, zafin bazara ya riga ni: guntayen sun manne kamar alewa, suna warin tsami. Mai shagon ya juya su a tafin hannunsa ya ce ba sa gyaruwa, ya kuma tambaye ni me ya hana ni magana, ai fim ɗin mata matarsa ce ke juyewa a cikin gida.

'Yan'uwa, kunyar da ta hana ku tambaya ku ji tsoronta, kuma kayan tarihin wani ba naku ba ne da za ku gyara masa. Shekara biyu ina kallon Inna tana zargin ƙwaƙwalwarta, ni kuwa na san gaskiya.

Wata safiya tana tsintar riɗi a faifai, na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko na ga wata doguwa a tsakiya, ta ɗaure mayafinta na tob a ƙugu. Na ce na gan ta. Sai ta ajiye faifan riɗin, ta matsa mini a tabarma, ta ce ai ita ce Haboba, to ya bitti, 'yata, share hawayen nan ki zauna, tunda ke kika rage da ido, faɗa mini yadda take juya kafaɗa, kada ki yanke komai.