Takalmin Baƙo

Yau shekara uku ke nan da rasuwar Baba, tsohon makaniken nan na Kakuri. Mutumin kudu maso gabas ne. Ya gudu lokacin yaƙin basasa, da ya dawo ya tarar da wani a shagonsa. Tun daga nan bai ƙara yarda da fuskar mutum ba, takalmi yake fara dubawa.

Ni faci nake yi a gefen garejinsa. Ranar da sojoji suka sake karɓe mulki, rediyo na ta kiɗan soja, sai wani mutum ya zo ya ce tayarsa na sacewa. Ina cikin juya ta a ruwa ya ce, "Oga, yaya kuka ga sababbin nan?"

Na buɗe baki, don ina da abin faɗa. Baba ya take mini ƙafa da ƙarfi.

"Mu inji muka sani, ranka ya daɗe," in ji shi.

Tayar ba ta fitar da kumfa ko ɗaya ba. Da mutumin ya tafi, Baba ya ce, "Kai wawa ne. Wane farar hula ne takalminsa ke ƙyalli haka cikin taɓon damina?"

Har yau ban san ko wane ne mutumin ba. Na dai san wani mai shayi kusa da mu, da ya yi wa tambayar nan ya ba shi amsa, ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Ni a gidana na kwana.

Allah ya ba Baba hutu. Yana kwance a garinsu, can ƙetaren kogin Kwara, inda ban taɓa zuwa ba.