Kazar da ta mutu a madadina

Matata tana da tsofaffin bokitai da ta jera a gindin katanga a gidanmu na Birnin Kudu, tana shuka tumatir da tattasai. Ƙasar ma daga fadamar mahaifinta a Farin Dutse ta sa aka kawo, baƙa wuluk, cike da tana. Ta ce tanar ce ke sa ƙasa ta yi laushi, kada kowa ya taɓa.

Ni kuwa ina da jarabar kamun kifi da ƙugiya, kuma kifi ba abin da yake so kamar tana. Da rani ƙasa ta bushe ko'ina, sai bokitan nan da ake ba ruwa kullum. In ta shiga madafa sai in zura yatsu in zaƙulo 'yan kaɗan. Allah Ya yafe mini, har da saiwa nake tsinkowa.

Da tumatir ya fara yaushi, ta tsaya a kansa tana salati.

"Malam, wa ke tone mini shuka?"

Kazarta mai wake-wake na can tana kiwonta. Ban yi ƙarya da baki ba, kallon kazar kawai na yi na girgiza kai.

Aka kife ta da kwando, aka ɗaure mata ƙafa. Da ina da hankali da na dakata, amma duk ranar da aka sake ta sai in koma tono. Ranar wata Juma'a haƙurin matata ya ƙare. Ta miƙo mini kazar da wuƙa, tunda yanka aikin maigida ne.

Na ce, "Wuƙar nan ba kaifi."

"Yanzu na wasa ta."

"A yi mata afuwa mana, dabba ce."

"Yau kai ne lauyan kaji? Bismillah, ruwa na tafasa."

Na taka fukafukanta, na fuskanci gabas. Kalma ɗaya ce za ta cece ta, ta zo mini har maƙogwaro. Na tuna idon matata, na haɗiye.

Ta zubo mini cinya da ƙundu. Abin da ya fi ba ni kunya, romon ya yi daɗi, har na nemi ƙari.

Daga ranar ban sake tono ba, don babu wanda zan ɗora wa. Tumatir ya murmure ya yi 'ya'ya. Duk maƙwabciyar da ta yaba, sai matata ta ce, "Ai tunda Malam ya yanka ɓarauniyar muka huta." Ni kuma daga kan tabarma in ce, "Haka ne."