Bugun da Ya Amsa Daga Cikin Tanki

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana ɗaliban sakandare ma'aikatarmu ta gyaran jiragen ruwa, kusa da Port Richmond ba. Masu walda sun tsufa, matasa ba sa zuwa, sai foman ya ce in zagaya da yaran ko wani zai yi sha'awar sana'ar.

Ga laifina. Doka ce ba a shiga tankin jirgi sai an auna iskar ciki, an ajiye mai gadi a bakinsa. Ni kuwa na haɗa baki da abokina Sani ya shiga a ɓoye, in na buga ya amsa, don mu burge yara.

Muka tsaya ƙarƙashin wani jirgin dakon mai da aka ɗaga daga ruwa. Na ce, "Jirgi yana da rai, ku saurara." Na buga guduma a jikin tankin sau uku. Aka amsa sau uku, a hankali. Yara suka yi ihu.

Ina juyawa sai ga Sani tafe daga ƙofar shiga, da kofin shayi.

"Yi haƙuri, mutumina, bas ce ta makara. Mu fara?"

Ke nan ba Sani ne ya amsa ba, wani ne a ciki. Da la'asar za a rufe tankin a mayar da jirgin ruwa, na sani. Amma in na yi magana, wasanmu zai tonu, aikina zai tafi. Awa guda na yi ina nuna wa yara injuna, bakina a rufe. Allah Ya yafe mini wannan awar.

Daga ƙarshe na je na faɗa wa foman komai. Bai zage ni ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

A can ƙuryar tankin aka sami Baba Isaka, mai fenti ɗan Kumasi, a sume. Ya koma ɗauko fitilarsa bai gaya wa kowa ba, tururin fenti ya kayar da shi.

Na je gaishe shi a asibiti, na ce bugunsa ne ya cece shi.

Ya dube ni. "Wane bugu, ɗana? Ina sauka na faɗi. Ko guduma babu a hannuna."

An dakatar da ni wata ɗaya, kuma na cancanta. Yanzu in ɗalibai sun zo ba na yi musu dabo. Ina gaya musu cewa a wannan aikin, duk abin da ka ji daga cikin ƙarfe, ko ba ka san mai shi ba, ka ajiye komai ka kira mutane a take.