Belun Jikata da Hanyar Damazin

Shekarar da yaƙi ya watsa mutanen Khartum, Diktor Usmanu, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya sauka gidana a ƙauyenmu kusa da Suki, shi da iyalinsa. Ɗan garinmu ne, mahaifinsa wanzami. Ƙanwarsa ta rasu wajen cire belu a hannun mahaifin nasu, shi ya sa ya ƙi gadar aska, ya yi karatun likita a Madani har ya zama mai fiɗa. Damina guda ya ci tuwonmu. Ranar da zai wuce Damazin ya ce, "Baba Malam, bashinka na wuyana." Na ce ya bar wannan magana.

A daminar bana muka bi sawunsa. Mun tashi da asuba, ni da ɗana da matarsa, jikata 'yar shekara shida tana kwance a cinyar uwarta. Tari ya dame ta, gwaggonta ta kira wanzami ya cire mata belu muna gona, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Na ɗauko rubutun sha a kwalba, sai na ga ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Na riƙe kwalbar ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Boksi muka samu, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Direban ya faɗi kuɗin mota kamar shi ya haƙo man, muka biya ba ciniki. Baƙar laka ta riƙe mu kafin kwalta, maza suka sauka turi, har da ni da farin gemuna. Muka haye kogi a Singa. Masu shayi sun jera kujeru a bakin hanya, ƙamshin gahawar da ake kira jabana yana tashi, ba wanda ya waiwaya a cikinmu.

A wani shingen bincike wani soja ya ce kowa ya sauko da kayansa. Ɗana ya fara roƙo da Larabci. Yarinyar ta yi aman jini a kan mayafin uwarta. Sojan ya duba, ya buga jikin motar da hannu, muka wuce. Daga nan leɓunanta suka yi fari. Uwar tana ta kiran sunanta don kada ta yi barci.

Bayan azahar muka shiga Damazin, muka zarce asibiti. Diktor ya fito da rigar aiki, ya rame, furfura ta kama shi. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya haska bakinta, ya dube ni.

"Belu, Baba Malam? A gidanka?"

"A gidana, Diktor."

"Ubana ya fi wanzaminku hannu, kuma ka san inda ƙanwata take."

Ya sa aka ɗebi jinin ɗana don a ƙara mata, aka shiga da ita ɗakin fiɗa. Wuta ta ɗauke, muka ji janareta ya tashi, ya mutu, ya sake tashi. Na yi la'asar a ƙarƙashin bishiya, ban san surar da na karanta ba. Rana ta yi sanyi kafin ya fito, ya ce ya ɗaure jijiyar, ta farka tana neman ruwa.

Da ta fara shan kunu muka juyo gida, wannan karon mun tsaya shan jabana a Singa. Tafiyar ta nuna mini cewa ba duk abin da muka gada ne za mu miƙa wa jikoki ba, kuma na faɗi haka a masallaci ranar Juma'a.

Ba na manta rakiyar da ya yi mana tasha. Ya durƙusa kamar yadda yake yi tun yana yaro, ya ce, "Baba Malam, bashin tuwon waccan daminar fa?"

Na dafa kansa, na ce, "Ka biya, Usmanu. Tashi."