Ƙasar Kabejin Aubrey

Mavis Bullimore mai gyaran ƙaguwa ce. Tun tana budurwa take zaune gaban tebur da guntuwar wuƙa, tana ɓare ɓawo tana jera tsoka yadda masu saye na garin Cromer suke so. Yatsunta duk sun karkace, amma bakinta sak yake, abin da ke cikinta shi take faɗa. Mijinta Aubrey ne ke fita teku ya kamo, ita ta gyara, a haka suka tsufa a ɗan gidansu na saman doguwar gaɓar teku.

Ƙasar wurin ba ta da kirki, yumɓu ne da tsakuwa. Aubrey ne ya mai da ita ƙasa. Duk ɓawon da Mavis ta zubar sai ya daka, ya haɗa da ciyawar teku da kashin kaji ya turbuɗe a lambu, shekara da shekaru, har wurin ya yi baƙi ƙirin, kabeji ya samu wurin zama. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙa: in an ƙone gawarsa, kada a zuba tokar a teku yadda ake yi wa masunta.

"Ruwan nan ya ishe ni tun ina da rai," in ji shi. "Ki sa ni cikin kabejina na huta."

Ta cika masa. Ta barbaɗa tokar ta juya da shebur, daga ranar kuwa babu mai iya raba Aubrey da ƙasar.

Ita kuwa gaɓa ba ta san wasiyya ba. Kowane hunturu teku na gutsurar gindinta, saman ya zube. Mutanen layin sun saba, ba sa ma kiran abin da sunansa, sai dai kowa ya tuge sandar igiyar shanya ya matso da ita. Maƙwabcinta Reggie Cubitt, tsohon direban motar madara, ba ya wucewa bai tsokane ta ba.

"Mavis, baɗi a falo za ki ɗaura igiyar nan ko?"

"Kai dai ka lura da banɗakinka, tsoho, kar wata rana ka tsinci kanka a bakin ruwa da wando a gwiwa."

Reggie ɗin ne ya zo wata safiya yana haki, ya ce hukuma ta sa gaɓarsu cikin wuraren da aka ba kariya. Kariya! Duk layin aka ɗauka katanga za a yi, irin wadda aka yi wa garuruwan da ke da manyan otal. Mavis ta fita lambu ta tsuguna ta gaya wa Aubrey. Ranar taron da hukuma ta kira kan maganar ta sa hularta ta zuwa coci, ta cika faranti da burodi mai ƙaguwa, don a ganinta bai kamata baƙon alheri ya koma da yunwa ba.

Wata masaniyar duwatsu, Dokta Penhale, ita ta yi bayani. Ta ce a zamanin da can, lokacin da ƙanƙara ta rufe yankin, wani tulin ƙanƙara ya gangaro daga arewa, ya turo alli da yumɓu da yashi ya nannaɗe su kamar bargo, kuma da wuya a samu inda ake ganin haka ƙarara kamar nan. Mavis ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗaga hannu.

"To 'yar nan, yaushe za a fara katangar?"

Matar ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Mama, ba za a yi katanga ba. In aka tare ruwan gaɓar za ta daina zubewa, ciyawa ta rufe ta, shi ke nan ba abin da za a ƙara gani. Zubewar ce ake karewa."

"Au! Wato daga gare mu kuka kare ta."

Matar ba muguwa ba ce, har idonta ya ciko. Abin da ya fi ciwo ke nan, babu wanda za a zaga.

Washegari Mavis ta ari baron Reggie ta fara kwasar ƙasar lambun ta bakin gaɓa tana jibgewa jikin gida. 'Yarta Gillian ta zo ta tarar da ita tana nishi.

"Haba Mama, ba ki ma san ta wajen da Baba yake ba."

"Duk shi ne. Matsa min."

Ta kwasa har bayanta ya ƙi miƙewa, teku kuma bai jira ta warke ba. Da gaɓar ta matso daf da ƙofar kicin aka rushe gidan tun kafin ya faɗa, aka ba ta ɗaki a bene can cikin gari. Tukunyar fure ɗaya ta cika da ƙasar lambun ta tafi da ita. Ko da Aubrey a ciki ko ɓawon ƙaguwa ne zalla, ba ta sani ba, abin ya riƙa cin ta a rai.

Da rani ta sa Gillian ta kai ta bakin ruwa. Bayan duk zaman da ta yi a sama, ba ta taɓa tsayawa ta dubi wurin daga ƙasa ba. Ga alli fari, ga yumɓu, ga yashi a murɗe, can ƙololuwa kuma wani siririn baƙin layi da kututturen kabeji yana reto. Wasu ɗalibai na tsaye da malaminsu, ɗaya ta nuna layin ta tambaya.

"Wancan ƙasar lambun wani ce, ta jiya-jiya," in ji malamin. "Ku rabu da ita, ku dubi na ƙasa."

Da suka wuce sai Mavis ta hango wani baƙin curi na ƙasar lambun da ya faɗo kan yashi, ruwa kuma ya fara dawowa. Ta dogara sandarta ta je ta tsaya tsakaninsa da teku, ta ba ruwan baya.

"Ka yi haƙuri, maigida," ta ce. "Na yi iya yina."

Gillian na ta kiranta daga tudu, ba ta motsa ba. Ruwan ya zo ya jiƙa mata takalma, ya rabu biyu a ƙafafunta ya wuce.